Wasiƙa zuwa Anka: Abin da za a zuba wa Baba a kwano

Yaya,

Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da shi.

Saƙonki ya iso, kuma abin da ya tayar mini da hankali shi ne da kika ce tun da likita ya gaya muku ƙodar Baba ta yi rauni kuka hana shi nama da kifi da ƙwai da wake, sai kunu da tuwo da miya lami. Don Allah, Yaya, a daina haka. Aunawa aka ce a yi, da zaɓe. Abincin gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin, idan jiki ya gama amfani da shi yakan bar datti a jini, ƙoda ce ke tacewa ta fitar ta fitsari. Idan an cika wa ƙoda mai rauni aiki, dattin ya taru, sai tashin zuciya da ƙaiƙayi da ƙin abinci. To amma idan aka hana jiki gaba ɗaya, naman kansa zai koma ci: dattin bai fasa taruwa ba, ga rama, ga kowace ƙaramar cuta tana kayar da mutum. Ga dattijo kamar Baba, wallahi ramar nan ta fi ba ni tsoro.

Ƙa'idar da ƙungiyar KDIGO ta likitocin ƙoda ta fitar a 2024 ita ce, wanda ciwonsa ya yi nisa amma bai fara wankin ƙoda ba ya riƙa samun kamar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Baba yana kilo 60, ke nan giram 48. Ki tuna gero da dawa ma suna da nasu, don haka tuwonsa da kununsa sun riga sun ɗauki kaso mai kauri. Ragowar ce za ki cike. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Tsokar dafaffen nama ko kifi mai girman akwatin ashana, kamar 7. Kofin shayi na dafaffen wake, wajen 13. Kin ga ƙwai ɗaya da safe, ɗan wake da rana, tsoka ɗaya a miyar dare, an kusa kai wa inda ake so.

Ni dai da za ki bi tawa, wake da awara su fi yawa, nama ya zama na jefi-jefi. Ba sauƙin kuɗi kaɗai na duba ba. Akwai sinadarin fosfaras da ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda har ya raunana ƙashi, kuma wanda ke cikin wake hanji ba ya tsotse shi sosai kamar na nama. Sai dai wake yana da fotasiyam, wanda idan ya hau a jini yana taɓa bugun zuciya. Ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki dafa da sabo, ki sake tsiyayewa. Kada ki sa kanwa don ya yi saurin nuna. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, kumburi da hawan jini take ƙara masa. Wannan ya sa ɗanwake ya fita daga lissafi, duk da na san yadda Baba yake son sa. Alale ya fi masa. Awara kuwa ki yi ta da hannunki da ruwan tsami, domin wasu masu sayarwa da alif suke haɗa ta, kuma ƙodar da ta gaji ba ta iya fitar da abin da ke cikin alif.

Kifin da ɗan'uwanmu yake aiko muku daga Gummi alheri ne, amma ki roƙe shi ya riƙa aiko ɗanye idan an samu mai zuwa. Banda da busasshe ruwansu ya fita, ɗan guntu ya ƙunshi abin da babbar tsoka ta ƙunsa, wani ma da gishiri aka adana shi. Kilishi da tsire da balangu haka, ga yaji mai dunƙule. Hanta da sauran kayan ciki, kifin gwangwani da baƙin lemon kwalba, a bar su. Gishirin yini duka, har da na dunƙule, kada ya kai ƙaramin cokalin shayi. Albasa da tafarnuwa da citta da 'yar daddawa za su ɗaga miyar. Idan Babbar Sallah ta zo kuma, ki tsaya a kan kwanonsa, don kowa zai so ya miƙo wa tsoho soye.

Na ji Inna ta ce ai Kawu na Bukkuyum ƙwai biyu uku yake ci kullum kuma likita ne ya sa shi. Gaskiya ne, amma Kawu yana zuwa wankin ƙoda nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Injin yana tafiya da wani ɓangare na furotin tare da dattin, shi ya sa masu wanki suke buƙatar giram 1.0 zuwa 1.2 a kan kowane kilo. Lissafinsa daban, na Baba daban, ki yi wa Inna bayani a hankali.

Akwai abin da nake so ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba: shekarun da Baba ya yi a Bagega kusa da injinan niƙa dutsen zinariya. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da likitocin MSF suka gano gubar dalma ce ke kashe yara a Dareta da Abare da 'Yargalma da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har aka rasa yara kimanin 400. Hankalin kowa a kan yara ya tsaya, kuma ya dace, amma dalma tana zama a ƙashin babba shekara da shekaru, tana hawar da jini, tana cin ƙoda sannu a hankali. Sanin haka zai taimaki likita. Sannan ki hana a sayo masa diclofenac ko ibuprofen a kemis idan gaɓoɓinsa sun motsa, haka jiƙe-jiƙen da masu dubiya ke kawowa. Ki karɓa da godiya, ki ajiye.

Ki riƙa auna nauyinsa duk wata kina rubutawa, ki kuma duba ƙafafunsa, don kumburi kan ɓoye rama. Idan an yi gwajin jini na gaba, ki ɗauki hoton takardar ki turo mini, musamman wurin fotasiyam, kuma ki nuna wa likitansa wannan lissafin kafin ki tsaya a kansa, shi ne ya san matakin da ciwon yake. Na ba direba kuɗin ƙwai da waken suya na wata biyu, zai kawo miki ranar kasuwa in Allah Ya so.

Ki gaishe mini da Baba da kyau, da Inna, da maigidan, da yara duka.

Wassalam,
ƙanwarki a Sakkwato.