Kukan Kurciya Jawabi Ne

A zaurenmu na Zakka akwai wani tsohon babur ƙirar Honda 175, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Kakana, Allah ya jiƙansa, shi ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, yana malamin firamare, tun ana kiran jiharmu Arewa ta Tsakiya. Babur ɗin ya ga zamanin Jihar Kaduna, ya ga kafuwar Jihar Katsina a 1987, ga shi har yau bisa ƙafafunsa. Da shi mahaifina ke cin kasuwar Batsari, da shi kuma yake kai kakata asibiti a Dutsin-Ma.

To, da na je hutun bana sai na iske gida ba daɗi. Giya ta biyu ta riƙa fita da kanta, aka kai shi wurin wani bakanike abokin mahaifina, ya tsaga inji ya gyara. Kuɗin aikin sai da ya ci buhun gero guda. Giya dai ta zauna, amma sai ga wani sabon kuka, kamar ana goga wuƙa a dutse. Bakanike ya ce boris ɗin giyabos ne, sai an sake tsaga inji. Mahaifina ya yi shiru, don babu wani buhun na sayarwa. Barin abin kuma bai yiwuwa, gama duk wanda ya san yankinmu na bakin dajin Rugu ya san ba a son babur ya mutu wa mutum a hanya da la'asar sakaliya.

Ni ba bakanike ba ne, ɗalibin Hausa ne. Amma a aji an koya mana mu kasa kunne mu rarrabe "fari" da "fāri", mu tambayi sauti inda yake fitowa da lokacin da yake fitowa. Na ce bari in yi wa babur irin wannan tambaya.

Da safe na ɗora shi bisa jaki, na tayar, na bar shi a furi. Shiru, sai bugun injinsa na kullum. Na matse hannun kuloci, sai kuka ya taso. Na saki, ya ɗauke. Na maimaita har sau goma, bai saɓa ba. Daga nan na ɗora bakin sukundireba a jikin inji, na kara ƙotar a kunnena. Ta hagu ƙarar can nesa take, ta dama kuwa, daidai murfin kuloci, har cikin haƙorana.

Ga yadda na auna abin, ya mai karatu. In babur na furi kuma ba a matse kuloci ba, inji na juya sandar giyabos. Da boris ne ya lalace, a lokacin nan zai yi kuka, in an matse sandar ta huta ya yi shiru. Namu kuwa akasin haka yake yi. Ashe ke nan laifin na wurin abin da ke motsawa in an matse.

Sauran aiki shi ne faɗa wa babba ya yi kuskure. Na je rumfarsa na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wani abu ne ya shige mini duhu, na zo ka ganar da ni." Na matse, na saki, yana saurare. Ya daɗe bai ce uffan ba, sa'an nan ya ce wa yaronsa, "Kawo tasa mu juye baƙin mai."

Murfin dama kaɗai aka buɗe. A cikinsa ga wani zagaye yana ƙyalli, inda ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Da aka kwance sufirin aka zare farantan, sai ga mai laifi: ɗan zoben ƙarfe mai buɗaɗɗen baki, wanda ke riƙe cibiyar kuloci a kan sanda. Tsohon aka mayar, ya saki, bai faɗa cikin raminsa ba. Saboda haka duk sa'ad da aka matse, sai kulocin ya turo waje ya gogi murfi. Aka sa sabon zobe, aka wanke garin ƙarfen, aka zuba sabon mai. Kafin azahar babur ya koma muryarsa ta da.

Baba ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya dube ni ya ce, "Malam ma haka yake, ba ya taɓa sifana sai ya gama saurare."

Ranar da na komo makaranta, a bayan babur ɗin nan mahaifina ya kai ni tasha. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Allah ya ba mu kunnen ji, amin.