Fitilar Da Ta Ba Ni Kunya

Wata ranar Laraba da damina, wayoyin ofishinmu da ke kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi suka ɗauke gaba ɗaya, alhali ina jiran kiran wani likita game da labarin amai da gudawa wanda tilas ya shiga jarida a daren. Nan take na ɗora wa kamfanin waya laifi, har na fara rubuta sharhi a kansu.

Aka kirawo wani dattijo, tsohon ma'aikacin waya. Ya tsuguna gaban akwatin da babban layi ke shiga, layin da ke ɗaukar kira 30 lokaci guda, ya zuba wa fitilunsa ido.

Ya ce, "Ɗana, koriya lafiya ke nan. Ja, saƙonsu ba ya iso mana. Ruwan ɗorawa kuwa, muna jin su, su ne ba sa jin mu."

Ruwan ɗorawar ce ke ci. Ya bi waya, sai ga inda ɓera ya gutsire ta a bayan kabad ɗinmu. Ya gyara, likita ya kira, labari ya shiga.

Na yaga sharhin nan a ɓoye. Jama'a, ni da sana'ata ita ce bincike kafin zargi!