Taragun kaya masu tsawon taƙi a birnin Hamburg

A bakin kogin Elbe, cikin birnin Hamburg na ƙasar Jamus, akwai unguwar rumbunan fatake mai suna Speicherstadt, inda aka daɗe ana jibge gahawa da shayi da dardumai. Cikin ɗaya daga gine-ginenta na jan bulo ne tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe Miniatur Wunderland a shekarar 2001, gidan ƙananan jiragen ƙasa da ba shi da na biyu a duniya.

Abin da ya fi tsayar da mu shi ne taragun kaya. An rage girmansu sau 87, ta yadda tarago mai mita 14 bai wuce santimita 16 ba. Daga masana'anta sukan fito ne suna ƙyalli, su kuwa ma'abota wannan aiki ƙyallin ne ba su so. Sukan fesa wani fenti, su liƙa lambobi ƙanana kamar ƙwayar gero, sannan su ɗauki siririn burushi su shafa hoda mai launin tsatsa a ƙyamare da gindin ƙafafu, har tarago ya yi kama da wanda ya shekara talatin yana dakon kwal. Tsufan da ruwa da ƙura ke kawowa, da hannu ake zana shi.

Ya ku iyaye, wannan haƙuri da lura su ne muke gani wurin yaron da ke haɗa motar kara ko ta gwangwani a ƙofar gida. Kada mu kore shi da sunan ɓata lokaci. Mu duba aikinsa, mu tambaye shi yadda ya ɗaura ƙafafun.