Birnin Da Ba A Binne Bututu

Baƙon da ya sauka a Yakutsk, can gabashin Saberiya ta ƙasar Rasha, bututu ne ke fara yi masa maraba. Suna bin gefen tituna, naɗe da mayafi mai kauri, wani wurin su miƙe su ƙetare hanya kamar ƙofar gari. Ba a binne su, domin ƙasar birnin daskararriya ce rani da damina. Ɗuminsu zai narkar da ita, gini ya nutse. Shi ya sa manyan gidaje ke tsaye bisa ginshiƙan siminti.

A watan Janairu sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Ruwan wanke-wanke in ya tsaya a magudana, dutse yake komawa, kuma da yake ruwa kan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, ƙarfe ma tsagewa yake.

A masaukina magudanar banɗaki ta toshe dare ɗaya. Na tarar da maigidan, dattijo, durƙushe da butar ruwan zafi, yana lallashinta har hantsi. Duk da haka shi mai gata ne. A tsofaffin unguwannin gidajen katako, da yawa har yau shaddarsu a waje take, kuma dole a fita da asuba.