Ranar da Goggon Biri Ya Cinye Ni

A hutun ƙarshen shekarar 1998 na shiga gasar ces ta farko a rayuwata, a wani zauren makaranta a Kaduna. Gasar 'yan koyo ce, agogunan ma ba su isa kowane tebur ba. Wata uku na yi ina haddar buɗin Sisiliyan, reshen Najdof da Kasparov ya shahara da shi, daga wani littafin fotokwafi da rubutunsa ya fara dushewa. Na haddace shi kamar karatun allo, har motsi na goma sha biyar.

Abin da ban lissafa ba shi ne, Sisiliyan sai fari ya fara da e4 kafin baƙi ya amsa da c5.

A zagaye na biyu aka haɗa ni da wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, goro a kumatu. Shi ke da fari. Ya miƙo hannu muka gaisa, ya tura sojan b matakai biyu, ya danna agogo. Na zuba wa allon ido. Wannan motsi ba ya cikin littafina ko a shafi guda.

Na buga e5, ya kai bishof b2. Ga soja a b4 babu mai gadi, na sa bishof ɗina na cinye, har ina jin tausayin tsohon. Ya ci nawa na e5. Na fito da doki c6 don in kori bishof ɗin, sai ya zarce ya ɗauke g7, gidan da bishof ɗina ya bari a buɗe saboda kwaɗayi. Ruk ɗina na lungu ba shi da mafita. Motsi huɗu kacal! Na ci gaba da jan ƙafa har motsi na ashirin da wani abu, don kunyar tashi da wuri kawai.

"Baba, wannan wane buɗi ne?"

"Orangutan, ɗana. Goggon biri."

Na ɗauka zolaya ce. Sai daga baya na karanta cewa Tartakower ne ya buga shi a gasar New York ta 1924, bayan ya kai ziyara gidan namun daji, daga nan sunan ya samo asali. Wasu na kiran buɗin Sokolski.

Dattijon ya mayar da 'ya'yan allon mazauninsu, ya nuna mini cewa da na kai dokin f6 da komai ya zauna lafiya. Sannan ya ɓara goro, ya miƙo mini rabi, ya tambaye ni ko na san inda ake alwala, don azahar ta yi.