Bindigogin Baffa Guda Biyu

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mun daɗe muna ɗaukar wannan magana a matsayin ƙorafin tsofaffi, sai ranar da aka buɗe adakar marigayi Baffanmu a unguwar Jekadafari, cikin garin Gombe, bayan sadakar arba'in. A ƙarƙashin riguna da takardun fansho, naɗe cikin tsohon rawani mai ƙanshin man keke, sai ga ƙananan bindigogin iska guda biyu waɗanda rabonmu da su tun muna 'yan firamare. Ɗaya Webley Senior ce ƙirar Ingila, ɗayar kuwa Diana 5 ce ƙirar Jamus. Ɗakin ya yi tsit. Babban ɗansa ya tashi ya tura ƙofa, ya dube mu ya ce, “Yaya, a jefa su masai tun kafin wani ya gani.”

Kafin mu faɗi yadda muka ƙare da su, ya kyautu mai karatu ya san irin abin da ake magana a kai. Bindigar iska mai sifirin ba ta cin albarushi, ba ta da wuta ko hayaƙi. A cikinta akwai sifirin mai ƙarfi da fistin. Idan mai harbi ya ɗana ta, ya danne sifirin ke nan. Da ya taɓa kunama sai sifirin ya kubce, ya ingiza fistin, fistin ya matse iska, iskar ta fitar da 'yar ƙwayar dalma wadda kaurinta bai wuce milimita 4.5 ko 5.5 ba. Ƙarfinta duka daga damtsen mai ita yake fitowa. Duk da haka makami ce, tana iya tsiyayar da ido, shi ya sa Dokar Makamai ta 1959 ta sanya ta cikin bindigogin da ba a riƙewa sai da lasin.

Baffa ma'aikacin gidan gurzar auduga ne, wanda har yau unguwar BCGA take amsa sunansa. A wurin wani Bature injiniya da zai koma gida ya sayi Webley, Diana kuwa daga baya ya samo ta a Kano. Yana da ɗan littafin lasin da yake sabuntawa, kuma ba mu taɓa ganin ya auna wani abu mai rai ba. Mu da muke yawo da danƙo muna addabar kurciyoyi da ƙadangaru, wannan hali nasa ya ɗaure mana kai ƙwarai. Ran Lahadi da la'asar yakan jera gwangwanayen madara a gindin katangar bayan gida, ya ƙirga taki goma sha biyu, ya ja layi da ƙafa a ƙasa. Wanda duk ya tsallake layin nan ba da izini ba, ya yi sallama da harbi sai wani mako.

A wajen ƙira, bindigogin nan biyu sun yi hannun riga. Kamfanin Webley & Scott na birnin Birmingham ya fara fitar da irin tasa a 1924, samfurin Senior kuma ya ci zamaninsa har zuwa 1964, sa'ilin da Premier ta gaje shi. Dabarar maƙeranta ita ce ɗora bututun harbi a bisa gidan sifirin, don haka ta fito gajera, dunƙulalliya, ƙarfe zalla, mai nauyi a tafin hannu. In za a ɗana ta sai a saki maƙalin baya, a ɗaga bututun sama a tura shi gaba har ya ce ƙas. Wannan aiki ya fi ƙarfin yaro, kuma wanda bai yi hattara ba takan datse masa fatar yatsa. Abin mamakinta shi ne fistin ɗinta baya yake gudu, wajen mai harbi, saboda haka takan zabura a hannu kamar mai rai.

Ita kuwa Diana, wadda kamfanin Mayer & Grammelspacher na garin Rastatt ya ƙera, doguwa ce, gidan sifirin a baya, bututu a gaba. Karya ta ake yi a tsakiya kamar yadda ake karya rake a gwiwa, a sa ƙwaya, a mayar. Tsawonta ya sa tazarar da ke tsakanin ma'aunin saiti na gaba da na baya ta fi yawa, ga shi kuma na bayan yana da 'yan ƙusoshin da ake murɗawa a gyara saiti sama ko gefe. Aibinta ɗaya a wurinmu: tsinin ma'aunin gaba yakan soki tafin hannu wajen karyawa, har muka koyi naɗe hannu da bakin riga.

To, wacce ta fi? Mun yi wannan gardama da 'ya'yan Baffa shekara da shekaru. In dai maganar faɗar da gwangwani ce, Diana ta fi sauƙin kai. Sabon shiga yakan fara samu da ita tun a yammacin farko. Webley kuwa sai an yi mata ladabi. In an ƙanƙame ta ƙwayar ta bi wani wuri, in an sassauta fiye da kima ta bi wani, domin tun ƙwaya ba ta bar bututu ba bindigar ta riga ta fara motsi. Sai wanda ya riƙe ta yau kamar yadda ya riƙe ta jiya yake samun biyan bukata. Amma in maganar ajiya ce da ƙawa, masu tara tsofaffin bindigogin iska a Turai sun san darajar Webley ta wancan zamani, saboda aikin ƙarfenta, da kuma kasancewar an daina ƙera bindigogin kamfanin a Birmingham tun 2005. Tamu har yau shuɗin ƙarfenta yana nan, sai gefen da babban yatsan Baffa ya goge ya yi fari.

Shi Baffa bai taɓa shiga gardamarmu ba. Wata rana da muka harba sau bakwai da Webley ba mu taɓa ko gwangwani ɗaya ba, muka ce ai bindigar ce ta karkace. Ya karɓa, ya tsaya a kan layi, ya saki numfashi, ya faɗar da uku a jere. Sa'an nan ya miƙo mana ya ce, “Ɗana, ba ta karkace ba. Fushi kake yi, ita kuwa tana jin fushi a hannu.” Mun yi shekaru muna koyar da adabi kafin mu gane cewa wannan ne darasin nazari na farko da aka yi mana: mutum ya binciki hannunsa tukuna kafin ya ɗora wa abin da ke gabansa laifi.

Haka nan kula da su wata makaranta ce. An hana mu harba su ba ƙwaya a ciki, domin fistin zai daki ƙarfe ba tare da matashin iska ba, ya lalace. Lokacin hunturu 'yar fatar da ke toshe iska a gindin bututun Webley takan bushe, ƙarfin harbi ya ragu, sai Baffa ya ɗiga mata mai. Da ta mutu gaba ɗaya, wani baduku a tsohuwar kasuwa ne ya yanka masa sabuwa daga guntun ƙirgi, ta kuwa zauna daram. Ashe abin da aka ƙera a Birmingham yana iya rayuwa da hannun dukawan Gombe.

Sai dai garin da Baffa ya yi wasansa a ciki ya sauya. Wanda ya ji tashin bom a tashar Dukku cikin Disambar 2014, ya kwana cikin fargabar harin da aka kawo wa garin a Fabrairun 2015, ya kuma ga abin da ya auku a babbar kasuwa cikin Yulin wannan shekara, ba zai zargi ɗan Baffa da tsoro ba. A shingen bincike da dare, wa zai tsaya ya tantance Webley ta iska da libarba ta gaske, alhali kamfani ɗaya ne ya ƙera su, har maƙalinsu ya yi kama? Harbin ƙaramar bindigar iska daga mita 10 wasa ne da ake ba da lambar zinariya a kansa a gasar Olamfik tun 1988, amma a nan gida uba ba zai so a ga ɗansa da ita ko a zaure ba.

Mun ƙi yarda a jefa su masai, domin abin da mutum ya riƙe bisa doka shekaru masu yawa bai cancanci a binne shi kamar kayan sata ba. Mun kuma ƙi tayin wani dillalin kayan da, wanda ya ji labari ya zo da kuɗi masu auki yana son Webley kaɗai. Ba mu san hannun da za ta faɗa ba bayan nasa. Ajiye su a gida kuwa ba hanya, tunda lasin na mai shi ne, ba ya cikin abin da ake rabawa a gado. Daga ƙarshe muka haɗa su da littafin lasin da takardar shaidar rasuwa, mu biyu muka kai wa hukuma, aka rubuta, aka ba mu rasit. Mun fito hannu wofi, muka yi tafiya mai nisa ba wanda ya ce da wani uffan.

A daren da za a kai su, ɗanmu mai shekara tara ya same mu muna shafa musu mai na ƙarshe. Ya tsaya daga bakin ƙofa, bai matso ba, ya ce, “Baba, mutum nawa Kaka ya kashe da su?” Tambayar ta yi mana nauyi, domin mu a shekarunsa ba ta taɓa zo mana a rai ba. Muka ɗauko wani tsohon gwangwanin madara da muka tsinta a ƙasan adakar, duk jikinsa lotse da huji, muka sa masa a hannu muka ce ga wanda ya sha wuyarsu nan. Ya jujjuya shi yana ƙirga hujojin, ya kai goma sha ɗaya, sa'an nan ya tambaya ko Kaka ya taɓa kuskurewa. Muka ce ƙwarai, sau da yawa, sai dai bai taɓa cewa laifin bindiga ba ne.

Gwangwanin yana kan teburinmu yanzu, mun zuba alƙaluma a ciki. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya huta, ya kuma dawo mana da zaman lafiyar da za ta sa yaro ya ga bindigar iska ya fara tambayar ina gwangwani.