Ina Sunan Matar Da Ke Cikin Akwati?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo tsakaninmu, tun daga bencin mai shayi har zauren malamai, a kan littattafan nan na 'yan sandan ciki waɗanda yaranmu su ke saye wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Galibinsu hanyarsu ɗaya ce. A shafin farko a tsinci gawar mace, a shafin ƙarshe a kama wanda ya kashe ta, tsakani kuwa mai karatu ya yi ta bin sawu tare da ɗan sanda. Ni aikina koyar da Larabci ne, nahawu da sarfu da abin da ya sauwaƙa na adabi. Amma da ya ke iyaye su kan kawo mini ƙarar 'ya'yansu a kan littattafan nan, na karanta waɗansu, na kuma saurari masu karanta su.

Mutanen da na saurara sun kasu uku. Dattawa sun ce ƙazantar Turawa ce, a tattara a ƙone. Samari sun ce ai labari ne kawai, wasa ƙwaƙwalwa ne kamar dara, ba wanda ya mutu. Kashi na uku su ne mata, su ne kuwa ba a cika tambaya ba, ko da ya ke a cikin ɗalibaina sun fi maza karanta irin waɗannan littattafai. Su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wata ta ce mini tana karantawa ne don ta san yadda mugu ya kan fara, da fara'a da kyauta da kishi, kuma ranta ya kan yi sanyi in ta ga an kama shi, don a waje ba kullum a ke kamawa ba. Wata kuwa ta mayar wa mai shi da littafinsa tun ba ta yi nisa ba. Ta ce marubucin ya tsaya a kan jikin matar yana ta siffantawa kamar mahauci yana tallar nama, har ta ji kamar ita a ke kallo.

Bari in fara da dattawa, cikin ladabi. Wannan irin labari ba Turawa su ka fara shi ba. Duk wanda ya san Dare Dubu da Ɗaya ya san labarin tuffa uku. Halifa Haruna Rashidu ya ba wani masunci dinari ɗari a kan duk abin da komarsa ta kamo a kogin Dijla. Sai ta kamo akwati. Da aka buɗe, sai ga gawar wata yarinya an yi gunduwa-gunduwa da ita. Halifa ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya nemo wanda ya yi, in ba haka ba a rataye shi tare da mutum arba'in daga danginsa. Ana shirin rataya sai wani saurayi ya fito ya ce shi ne. Matarsa ce, 'yar baffansa, uwar 'ya'yansa uku. Ta yi ciwo ta yi marmarin tuffa, ya tafi har Basra ya sayo mata guda uku. Daga baya ya ga ɗaya a hannun wani bawa, bawan ya yi masa ƙarya ya ce farkarsa ce ta ba shi. Ya koma gida, ya tarar guda ɗaya ta ɓace, ya yanka ta. Bayan ya jefa ta a kogi sa'an nan ya ji gaskiya: ɗansa ne ya ɗauki tuffar, bawan ya ƙwace daga hannun yaron. Ƙarshen labari, bawan ashe na Ja'afaru ne, aka yafe masa saboda wani labari mai daɗi da waziri ya ba Halifa. Mijin kuma aka yafe masa, har Halifa ya ba shi ƙwarƙwara da abin ciyarwa.

Na taɓa karanta wannan labari da ɗaliban dare, watau manya waɗanda su ke zuwa bayan isha'i, maza gaba mata baya. Mazan su ka yi ta mamakin yadda ƙaddara ta juya, tuffar da a ke nema ta fito daga aljihun ƙaramar 'yar Ja'afaru. Sai wata Hajiya mai sayar da koko ta ɗaga murya daga baya ta ce, "Malam, ita matar ina sunanta?" Na ce ba a faɗa ba. Ta ce, "Bawa yana da suna?" Na ce Raihanu. Ta ce, "To, yaran nan uku, wa ya gaya musu inda uwarsu ta tafi?" Aji ya yi tsit. Labari ɗaya, ɗaki ɗaya, fitila ɗaya, amma maza sun bi tuffa, ita ta tsaya wurin akwati.

Turawa ma gardamar nan ba ta bar su ba. Labarin da su ke ƙirgawa na farko cikin irin wannan rubutu, wanda Edgar Allan Poe na Amurka ya buga a 1841, uwa da 'yarta aka kashe a cikinsa. A 2009 wata marubuciya a Ingila, Jessica Mann, wadda ta ke duba sababbin littattafan nan tana faɗa wa jama'a ra'ayinta, ta ce ta daina duba waɗanda su ke tsere a kan wa zai fi wani azabtar da mace. A 2018 wata kuma, Bridget Lawless, ta kafa kyauta mai suna Staunch, wadda a wancan lokaci ba a ba wa sai littafin da ba a doki mace ko aka yi mata fyaɗe ko aka kashe ta a cikinsa ba. Waɗanda su ka fi yi mata musu mata ne 'yan'uwanta marubuta, irin su Val McDermid da Sophie Hannah. Hujjarsu ita ce, abin yana faruwa kullum, cire shi daga littafi ba ya cire shi daga gidaje, kuma bai kamata a haɗa mai tonon asirin zalunci da mai cinikinsa a ma'auni ɗaya ba. Ku duba kuma wani abu. Littafin Stieg Larsson na ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2005, sunansa a harshensu yana nufin maza masu ƙin mata. Da aka juya shi Turanci sai aka canza, aka sa masa sunan yarinya mai zanen dodo a jiki. Suna na farko yana nuna masu laifi da yatsa. Na biyu ya mai da idon mai saye kan jikin yarinya.

To, ga inda ni ke tsaye. Ɗaliban nahawu sun san babin da a ke share mai aiki, a ce "an doke ta", "an kashe ta". In aka share fa'ili, sai a ɗauko wanda aka yi wa aikin a tsai da shi a gurbinsa, shi ne a ke kira na'ibul fa'ili. Haka mu ke magana a zango. In mace ta fito da ido a kumbure, sai ka ji an ce an doke ta, ko kuwa ta faɗi a bayan gida. Ba a ambaton mai hannun. Da an ɓoye shi kuwa, sai ita ta hau gurbinsa, laifin ya koma kanta, a fara tambaya, "Me ta yi masa?" Littafin ɗan sandan ciki na kirki, aikinsa daga farko har ƙarshe shi ne neman fa'ilin nan da aka share, a kamo shi a faɗi sunansa. Saboda wannan ban yarda a ƙone su duka ba.

Amma fa ban yarda da samari ba da su ke cewa dara ce kawai. Akwai littafin da ya ke kamo mai kisa, amma ita matar ya bar ta a akwati. Ba ta da uwa, ba ta da sana'a, ba ta taɓa yin dariya ba, an kawo ta ne don a buɗe labari da ita. Yaron da ya karanta irin wannan guda hamsin, idonsa zai saba da ganin mace a kwance, ya daina jin komai. Malamanmu na tafsiri su kan tsaya a Suratut Takwiri, inda aka ambaci jaririyar da aka binne da rai, su nuna mana cewa ita aka juya aka tambaya, aka ƙyale wanda ya binne ta don wulakanta shi. Wadda aka hana magana a duniya, ita aka fara ba baki.

Ma'aunin da ni ke ba ɗalibaina ke nan. In ka rufe littafi, tambayi kanka abu uku. Ka san sunanta da abin da ta ke so ta zama? Marubuci ya daɗe a kan raunukanta ne, ko a kan mutanen da ta bari? Sa'an nan wa ka fita kana sha'awa, mai kisan ko mai neman gaskiya? Akwai wani likita haifaffen ƙasar nan, Kwei Quartey, wanda ya buga littafi a 2009 mai suna Wife of the Gods, watau Matar Gumaka. An kashe wata ɗalibar likitanci a wani ƙauye na jihar Bolta, aka aiko ɗan sandan ciki Darko Dawson daga Akra. Cikin bin sawun mai karatu zai san aikin da ta ke yi na yaƙi da cutar ƙanjamau, ya kuma ga al'adar tirokosi, wadda a ke ba da yarinya ga gidan tsafi don laifin da wani nata ya yi. Wannan littafi ya ci ma'aunina.

Kada mu manta abin nan ya taɓa zuwa ƙofarmu. Ina yaro, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2000, aka yi ta tsintar gawarwakin mata a unguwannin Akra. Na tuna iyayenmu mata masu sammakon kasuwa sun koma fita ƙungiya-ƙungiya, ba mai yarda ta taka waje ita kaɗai kafin gari ya waye. Tun 1998 'yan sanda su ke da sashe na musamman don irin wannan ƙara, a 2007 kuma aka yi dokar hana cin zali a cikin gida. Doka tana nan, ofis yana nan, amma a gidan haya mai ɗaki goma, in kuka ya tashi da dare, sai kowa ya ƙara muryar rediyonsa. Da safe a ce mata ta yi haƙuri, a rufa asiri.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu dattawa, fushin nan da ku ke yi da takarda, ku raba shi biyu, ku kai rabi ƙofar ɗakin da kuka ya ke fitowa. Maganarku tana da nauyi, in kun kira mutum zaure kun ambaci sunansa da abin da ya yi, zai ji. Ku kuma samari, ku karanta, amma in ƙanwarku ta ce littafin nan ya dame ta, kada ku ce tsoro gare ta. Ku tambaye ta wane shafi ne, ku koma ku sake karanta shi, ku sa sunanta a wurin.

Allah ya kiyaye mana iyayenmu mata da 'ya'yanmu, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya.